Yadda ake gane tukunyar iskar nutso daga rubutun da aka buga a kafaɗarta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Nima ne a Akra. Kawuna yana sayen kayan gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma a cikin kayan da ya kwaso kwanan nan akwai tukwane biyu irin waɗanda masu nutso suke goyawa a baya. Ɗaya fara ce tas, gindinta shafaffe, amma bawul ɗinta ya karye. A kafaɗarta an buga CTC/DOT-3AL 3000, sai harafin P da lambobi shida, sai LUXFER, 5A86 da S80, sannan a gefe akwai 7 da 91 da wasu ƙananan alamomi huɗu a tsakaninsu. Ɗayar fentinta ya ɓare, akwai ɗigon tsatsa a jikinta, tana zaune cikin takalmin roba, bawul ɗinta kuwa lafiya lau. Ita an buga mata M25x2, FABER, 13.6 KG, 12.0 L, PW 232 BAR, PH 348 BAR, EN 1964-1 da 2008/04. Wani ɗan'uwanmu da yake shiga ruwa yana cire igiya daga farfelar jirage yana son ya sayi ɗaya, mu kuma muna shawarar mu cire bawul mai kyau mu ɗaura wa farar, tun da ta fi kyan gani. Me wannan rubutu yake nufi, kuma wacce ce ta fi dacewa da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka kwafo rubutun yadda yake ba tare da ka gyara komai ba, domin abin da ka kawo ya isa a yanke hukunci a kan abubuwa da dama tun kafin a ga tukwanen da ido. Zan fara da abin da ba ya jira: kada ku ɗaura bawul ɗin tukunyar ƙarfe a kan farar tukunyar, ko da kun gwada kun ga yana shiga, kuma kada a ɗura wa ko ɗaya daga cikinsu iska sai an yi mata gwaji. Bayan haka, abin da rubutun yake nunawa shi ne cewa mai tsatsar ce take da alamar za ta yi sauran aiki, farar da ta ɗauki hankalinku kuwa ita ce abar tuhuma.

Masu ƙera waɗannan tukwane suna buga bayaninsu ne a kafaɗa, wato wurin da jikin tukunya ya lanƙwasa ya nufi wuya, saboda nan ne bangon ya fi kauri, bugun guduma ba zai raunana shi ba. Abin da aka buga a cikin ƙarfen shi ne abin dogaro. Launin fenti, da takardar da aka liƙa, da sunan kamfanin kayan nutso da aka rubuta da manyan haruffa a jiki, duk ana iya canza su a yini ɗaya, kuma sau da yawa sunan da yake jiki na mai sayarwa ne kawai, wanda ya ƙera ta dabam yake. Idan wani harafi ya dushe, a goga masa alli a share saman da yatsa, ko a haska tocila daga gefe a karkace, ko a ɗora farar takarda a goga fensir. Kada a kusanto da giranda ko sanfefa mai kaushi da sunan fito da rubutu, domin duk abin da aka kankare daga kafaɗa an rage shi ne daga ƙarfin tukunyar.

Tukwanenku biyu sun fito ne daga tsari biyu mabambanta. Farar ta bi tsarin Amurka da Kanada, inda ake auna matsin iska da psi, ake kuma faɗin girman tukunya da yawan iskar da take ɗauka. Ta ƙarfen ta bi tsarin Turai, inda ake auna matsi da bar, ake faɗin girma da yawan litar ruwan da zai cika cikinta. Bar ɗaya ya kai kimanin psi 14.5, kuma wanda ya riƙe wannan lissafin ba zai ruɗe ba in ya ga 3000 a jikin wata, 232 a jikin wata, ya ɗauka ta farkon ta ninka ta biyun ƙarfi. A gaskiya psi 3000 bar 207 ne kawai, saboda haka ta ƙarfen ce ta fi ɗaukar matsi.

Mu ɗauki farar tukunna. DOT ma'aikatar sufuri ce ta Amurka, wadda aka kafa a 1967, kuma ita ce take tsara ƙa'idar tukwanen gas da ake safararsu a ƙasar. Tsofaffin tukwanen da aka yi kafin zamaninta suna ɗauke da ICC ne a maimakon DOT. CTC kuwa hukumar sufuri ce ta Kanada a wancan lokaci, wadda daga baya alamarta ta koma TC, shi ya sa a sababbin tukwane za ka ga layi guda na TC-3ALM 207 da wani na DOT-3AL 3000, duka suna faɗin abu ɗaya da ma'auni biyu. Alamar 3AL tana nufin tukunyar alminiyum ce da aka ƙera daga dunƙule guda, babu walda a jikinta. Da ta ƙarfe ce da 3AA za ka gani. Ana iya tabbatar da wannan da maganaɗisu: ba zai kama farar ba, zai kama ɗayar. Shafaffen gindin da ka ambata shi ma dabi'ar ta alminiyum ce, alhali yawancin na ƙarfe gindinsu kumburarre ne, dalilin da ya sa ake sa musu takalmin roba su iya tsayuwa ke nan. Lambar 3000 ita ce iyakar matsin da aka yarda a cika ta da shi a aiki. Wannan lamba tana da amfani ga masu sayen gwanjo irin kawunka, domin ba kowace tukunyar 3AL ce ta nutso ba. Wadda aka buga wa 1800 galibi ta iskar kabon ce irin wadda ake sa wa lemo, masu 2015 ko 2216 kuwa yawanci na iskar oksijin ne na asibiti, kuma babu ɗayansu da ya halatta a mayar ta nutso don kawai kamanninsu ɗaya ne.

S80 sunan samfurin ne, kuma wannan ita ce tukunyar da ta fi yawa a wuraren nutso na duniya. Cikinta yana ɗaukar ruwa lita 11.1, nauyinta ba iska ya kai kilo 14, kuma idan aka cika ta zuwa psi 3000 tana ɗaukar iska ƙafa 77.4 ta ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi, wato kusan lita 2,200, duk da cewa sunanta 80 ne. Harafin P da lambobi shidan lambar shaida ce wadda babu wata tukunya ta wannan kamfani da take da irinta, kuma da ita ake rubuta sakamakon kowane gwaji. LUXFER shi ne kamfanin da ya ƙera ta, sananne ne, yana da masana'antu a Ingila da Amurka.

Inda maganar take shi ne 5A86. Lambar farko wata ne, ta ƙarshe shekara, abin da ka karanta a matsayin A kuma alamar mai binciken da ya shaida gwajin farko ce. Wato an gwada wannan tukunya a masana'anta a watan Mayu na 1986. Tsufa kaɗai ba ya kashe tukunya, akwai na ƙarfe da aka yi tun shekarun 1960 da har yanzu suke cin gwaji. Matsalar ita ce irin alminiyum ɗin da aka yi ta da shi. Daga 1972 zuwa tsakiyar 1988 kamfanin Luxfer na Amurka ya yi amfani da haɗin da ake kira 6351, kafin ya koma 6061 wanda ake amfani da shi har yau. An gano cewa haɗin 6351 yana da wani lahani: idan tukunya ta daɗe a cike, matsin da yake kanta dare da rana yana iya buɗe siririyar tsaga a cikin wuya, a gindin haƙoran tiredi, wato haƙoran da ake murɗa bawul a ciki, ko a inda wuya ya haɗu da kafaɗa ta ciki, kuma tsagar tana ƙaruwa sannu a hankali cikin shekaru. Daga waje ba a ganin komai, tukunya tana nan tana sheƙi. Mafi yawan waɗanda suka tsage sukan fara yoyon iska ne a wuya a gane su, amma an sami waɗanda suka fashe, galibi a lokacin da ake cika su, suka raunata masu cikawa, wasu ma suka rasa rayukansu. Adadinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da aka ƙera, sai dai wanda yake tsaye a gaban kwamfaresa ba ya da hanyar sanin ko tasa tana cikin kaɗan ɗin nan sai da bincike. Ba a buga 6351 a jikin tukwanen Amurka na wancan zamani ba, da sunan kamfani da shekara ake gane su. Duk Luxfer da ta fito kafin tsakiyar 1988 a ɗauke ta a haka, haka ma tukwanen alminiyum na Walter Kidde, da waɗanda suke ɗauke da SP6498 ko E6498, lambobin izini na musamman da aka yi amfani da su kafin a fito da ƙa'idar 3AL a 1982. Kamfanin Catalina, wanda ake gane shi da sunansa ko da lambar M4002, bai taɓa amfani da wannan haɗi ba.

Sai 7 da 91 da alamomi huɗun da suke tsakani. Wannan shaidar sake gwaji ce da aka yi a watan Yuli na 1991. Ƙananan alamomin lambar rajistar wurin da ya yi gwajin ce, ana jera su biyu a sama biyu a ƙasa, ana kuma karanta su daga hagu na sama a zagayo ta dama. A tsarin Amurka ana maimaita wannan gwaji duk shekara biyar, kuma duk wanda tukunya ta ci sai a ƙara buga mata sabon kwanan wata. Tun da babu wani bayan na 91, izinin cika wannan tukunya ya ƙare tun 1996, kuma babu wanda zai iya gaya maka inda ta zauna daga lokacin, ko a cike ko a wofi. Yadda ake gwajin kuwa shi ne a cire bawul, a cika tukunya da ruwa, a sa ta cikin wata babbar tukunya da ita ma take cike da ruwa, sannan a matsa ruwan ciki har zuwa kashi biyar bisa uku na matsin aiki, wato psi 5000 ga mai 3000. Da ruwa ake yi saboda ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ko tukunya ta fashe ba za ta yi ɓarna ba. Ana auna yadda ta buɗe a ƙarƙashin matsi da yadda ta koma bayan an saki, kuma idan buɗewar da ta zauna ta wuce kashi 10 cikin 100 na dukan buɗewar, ta faɗi. Sai dai tukunyar 6351 tana iya cin wannan gwaji alhali akwai tsaga a wuyanta, shi ya sa tun daga 2007 dokar Amurka ta wajabta a ƙara mata binciken wuya da wata na'urar lantarki mai gano tsaga, a buga VE a bayan kwanan watan. Taku ba ta da VE. A ƙa'ida ba a haramta ta ba idan ta ci duka gwaje-gwajen, amma wurare da yawa na cika iska a ƙasashen waje sun daina karɓar irinta kwata-kwata, kuma ina zaton wannan yana cikin dalilan da suke sa irinta ta biyo kwantena zuwa Tema. A ganina, kuɗin nemo bawul ɗin da ya dace da ita, da na gwajin ruwa, da wahalar samun mai na'urar binciken wuya wanda ya iya aiki da ita, sun fi ƙimar tukunyar, kuma ba zan ba ɗan'uwana ita ya goya ba.

Ta biyun karatunta ya fi sauƙi, domin Turawa sun fi bayyana komai a fili. FABER kamfani ne na ƙasar Italiya da ya shahara da tukwanen ƙarfe. EN 1964-1 ita ce ƙa'idar Turai ta tukwanen ƙarfe marasa walda da aka bi wajen ƙera ta. A sababbi za ka ga ISO 9809-1, a na alminiyum EN 1975 ko ISO 7866, a tsofaffin na Ingila kuma BS 5045. Lambar 12.0 L girman cikinta ne, 13.6 KG nauyinta ne ranar da ta fito ba bawul ba takalmi, kuma wannan nauyi yana taimaka wa mai gwaji, domin tukunyar da tsatsa ta ci sosai takan rage nauyi. PW 232 shi ne matsin aiki, PH 348 matsin gwaji, wato ninki ɗaya da rabi na matsin aiki. Wasu kamfanoni suna rubuta WP da TP, wasu PS da PT, amma kullum ƙaramar lambar ce ta cikawa. Wannan wuri ne da ake yawan kuskure, mutum ya ga babbar lamba ya ce ai tukunyata tana ɗaukar 348, alhali wannan matsi ne da ake kai ta sau ɗaya a shekaru, da ruwa, na ɗan lokaci kaɗan. Idan ka ninka 12 da 232 za ka sami kusan lita 2,780 na iska, wato ta fi farar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. 2008/04 kuwa watan Afrilu ne na 2008, shekara a gaba wata a baya, saɓanin tsarin Amurka. Ka sake duba kafaɗar da kyau ko akwai wani kwanan wata bayan wannan. In babu, ita ma lokacin gwajinta ya wuce da daɗewa. A Ingila, misali, ana gwajin ruwa duk shekara biyar, ana duba ciki da ido duk shekara biyu da rabi.

Tsatsar da ka gani a waje ba ita ce abin tsoro ba matuƙar ɗigo ce a sama wadda ba ta yi rami ba. Wurare biyu ne suke kashe tukunyar ƙarfe, kuma duka biyun a ɓoye suke. Na farko ƙarƙashin takalmin roba, inda ruwan gishiri yake maƙalewa ya yi ta ci ba a sani ba, musamman a iskar bakin teku irin ta Tema da Jamestown, saboda haka a cire takalmin a duba gindin tun yau, ba sai an kai ko'ina ba. Na biyu cikinta. Idan aka bar tukunya ta ƙare ƙaf bawul a buɗe, ko aka cika ta da kwamfaresar da ba ta tace danshi, ruwa yana taruwa a ciki, kuma a ƙarƙashin matsi tsatsa tana gudu fiye da yadda take yi a sarari saboda yawan oksijin. Ku girgiza ta ku saurara: motsin ruwa ko ƙarar ɓarɓashi mummunar alama ce. Amma rashin jin komai ba shaida ba ne, sai an cire bawul an zura fitila an gani.

Yanzu maganar bawul, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin tambayarka. M25x2 da aka buga a tukunyar ƙarfe bayanin tiredin wuyanta ne: faɗinsa milimita 25, tazarar haƙori zuwa haƙori milimita 2. Bawul ɗin da yake kanta irin wannan tiredi ne da shi. Farar tukunyar ba a buga mata nata ba, domin a wancan zamani Amurkawa ba sa bugawa, amma S80 mai psi 3000 tiredinta shi ne 3/4-14 NPSM, wanda faɗinsa ya haura milimita 26, haƙoransa kuma 14 ne a inci guda, wato tazarar kusan milimita 1.8. Bambancin ƙarami ne, kuma ƙanƙantarsa ce haɗarin. Da bawul ɗin ba ya shiga sam, da babu wanda zai cutu. Amma bawul na M25x2 yana shiga wuyan 3/4, yana juyawa da ɗan sako-sako, in an ɗaure shi da sifana ya zauna, zoben robar ya toshe iska, mutum ya ga kamar aiki ya yi. A hakikani bakin haƙora kaɗan ne suka kama juna. Idan aka cika tukunya zuwa bar 200, ƙarfin da yake tura bawul ɗin waje ya kai kusan tan ɗaya, kuma ranar da haƙoran nan suka saki, ko a wurin cikawa ko a bayan mai nutso, bawul ɗin yana fita ne da ƙarfin da zai iya kashe wanda yake kusa, tukunyar kuma ta yi nata wajen. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe dabam-dabam. Akwai kuma tsohon tiredin Ingila na 3/4 BSP, wanda ya yi kama da na Amurka ƙwarai amma siffar haƙorinsa dabam ce, da M18x1.5 na ƙananan tukwane, da 7/8 UNF na wasu tukwanen ƙarfe na Amurka masu psi 3500, da masu tsukewa irin 25E da 17E. Ƙa'idar ita ce abin da aka buga a jikin bawul ya zama daidai da abin da aka buga a wuyan tukunya, harafi da harafi, in kuwa ɗaya ba shi da rubutu sai an auna da ma'aunin tiredi. Na san akwai ƙwararrun masu injin sassaƙa ƙarfe a Abossey Okai ta Akra da Suame ta Kumasi waɗanda za su ce za su iya gyara haƙoran su dace, ko su ƙera mahaɗi a tsakani. A sauran ayyuka gwanintarsu ba abar musu ba ce, amma a nan kada a yarda. Ƙari a kan haka, bawul ɗin Amurka yana da wani ɗan faifan tagulla da aka yi shi don ya fashe ya saki iska idan matsi ya wuce kima, yawancin na Turai kuwa ba su da shi.

Tun da kawunka zai ci gaba da cin karo da irin waɗannan kaya, ga wata alama da za ku iya gani a tukwanen ƙarfe na Amurka: alamar + a bayan kwanan watan gwaji. Tana nufin an yarda a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan matsin da aka buga, wato mai 2250 ta kai 2475, mai 2400 ta kai 2640, amma sai idan alamar tana bayan gwaji na ƙarshe, kuma ba ta shafi alminiyum ba ko kaɗan. A kuma tuna cewa matsin da aka buga na yanayi ne mai sanyi-sanyi, digiri 21 a tsarin Amurka, 15 a na Turai. Cikakkiyar tukunya tana ƙara kusan kashi bakwai cikin goma na bar a kowane digiri ɗaya na zafi, don haka wadda aka bari a but ɗin mota a ranar Akra tana iya haura iyakarta da bar ashirin ko fiye.

Wannan rubutu duka kamar takardar haihuwa yake: yana faɗin asali da shekaru, ba ya faɗin lafiyar yau. Ba zai gaya maka ko tukunya ta taɓa shiga gobara ba, alhali alminiyum da ya ji zafin da ya kai digiri 175 ya rasa ƙarfinsa har abada ko da bai canza kama ba. Saboda haka ne ba a kai tukunyar nutso wurin masu fentin mota da suke gasa fenti a ɗakin zafi, kuma tukunyar gwanjo da ta zo da sabon fenti mai kauri wanda ya cike haruffan kafaɗa ta fi mai tsohon fenti zama abar tuhuma a wurina, domin ban san abin da aka rufe ba. Haka nan idan ka ga an bi layin DOT da matsin an buga masa jerin X, ko an buga CONDEMNED, to mai gwaji ya riga ya kashe ta. Wurin da aka goge ya yi kwari a kafaɗa, ko lambobin da girmansu da zurfinsu suka saɓa wa na kusa da su a layin masana'anta, ko rubutun da aka buga a bangon jiki maimakon kafaɗa, kowanne ya isa a ajiye tukunya. Akwai kuma tukwane marasa nauyi da aka naɗe da zare mai ƙarfi aka shafe da gam, bayaninsu a takarda yake a ƙarƙashin gam ɗin. Yawancinsu na 'yan kwana-kwana ne, da yawa wa'adinsu shekara 15 ne, kuma ba don shiga ruwa aka yi su ba.

Abin da zan ba ku shawara a kan ta ƙarfen shi ne ku bar mata bawul ɗinta, ku nemi wurin da yake gwajin matsin ruwa na tukwanen gas. Ku fara tambaya a kamfanonin da suke cika oksijin da sauran gas na masana'antu a yankin Tema, da kamfanonin nutso da suke yi wa jirage da ma'aikatan mai aiki a Tema da Takoradi, domin su dole ne suna da inda suke kai nasu. Ku tambayi mai gwajin ko injinsa yana kai bar 348, ko zai duba ciki da tiredi, ko zai ba da takarda mai ɗauke da lambar tukunyar, ku kuma ƙi wanda zai buga kwanan wata ba tare da kun ga shaidar an yi gwajin ba. Idan ta ci, a cika ta a wurin da yake da kwamfaresar iskar shaƙa mai matattara, wadda bakin shan iskarta yake nesa da hayaƙin inji. Ba a cika ta da oksijin na masu walda, domin tsantsar oksijin tana sa farfaɗiya a zurfin da ya wuce mita shida, kuma tana iya tayar da wuta a bawul mai maiƙo. Ɗan'uwan naku kuma ya lura cewa tukunyar ƙarfe ta fi ta alminiyum nutsewa, don haka zai rage dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu, ya kuma duba ko bakin bawul ɗin ya dace da regiletarsa, wato na'urar da take rage matsin iska don ya shaƙa.

Farar kuwa, idan kun yanke shawarar rabuwa da ita, kada ku sayar da ita yadda take ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, domin tukunya mai kyan gani irin wannan ba za ta kai wurin narkarwa ba, wani zai tsince ta ya nema mata bawul. Karyayyen bawul ba ya nufin babu iska a ciki, saboda haka kada a sa mata sifana ko zarto sai wanda ya san aikin ya tabbatar ta wofinta, ta hanyar sassauta murfin faifan tagullar a hankali har iskar ta gama fita. Bayan an cire bawul ɗin, a lalata haƙoran wuyan da kurfi, a huda jikinta ko a yanka ta biyu, sannan a auna alminiyum ɗin a sayar da kilo.